Mata a Farkon Ilimin Nazarin Al'umma: Zelia Nuttall da Tarihin Aztekawan Meziko

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan da ake koyar da tarihin antorofoloji da su, wato ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, sunayen da zai fara cin karo da su na maza ne, irin su Edward Tylor a Ingila, da Lewis Henry Morgan da Franz Boas a Amurka. In aka zo kan mata kuwa, galibi sai a soma lissafi daga Ruth Benedict da Margaret Mead, waɗanda suka sami digirin dakta a 1923 da 1929, tamkar kafin su babu macen da ta taɓa tsoma hannu a wannan fage. Alhali shekara arba'in kafin nan akwai mata da suka riga suka shiga ƙauyukan 'yan asalin Amurka da kufan Meziko da ɗakunan adana littattafai na Turai, suna tattarawa, suna kwafa, suna rubutawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wasu daga cikin waɗannan mata, tare da mayar da hankali a kan Zelia Nuttall (1857-1933), wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen nazarin daular Aztek. Maƙalar za ta yi ƙoƙarin nuna cewa abin da ya tabbata daga aikin Nuttall shi ne dawo da rubutattun shaidun mutanen Meziko na dā a gaban masana, a daidai lokacin da manyan malamai ke cewa mutanen ba su da rubutu balle tarihi. Za kuma a duba irin ƙofar da matan suka shiga ta cikinta, da waɗanda ƙofar ba ta buɗe wa ba.

Mai karatu zai iya ganin nisan Meziko ya ce me ya haɗa mu da ita. Masarar da muke nomawa a can aka fara noma ta, kuma kalmar tumatir, duk da hannuwan da ta bi kafin ta iso bakin Bahaushe, asalinta tomatl ce a harshen Nahuwatil, wato harshen Aztekawa.

2.0 Aztekawa a Idon Masanan Ƙarni na 19

Mutanen da ake kira Aztek, su suna kiran kansu Meshika. Bisa ga tarihinsu na gargajiya, a 1325 suka kafa birnin Tenochtitlan a kan wani tsibiri cikin tafkin Texcoco, inda birnin Meziko yake a yau. A wajejen 1428 suka ƙulla ƙawance da biranen Texcoco da Tlacopan, daga nan suka dinga karɓar haraji daga garuruwa masu yawa tun daga gaɓar tekun Atlantika har zuwa ta Fasifik. Hernán Cortés ya sauka ƙasar da mayaƙan Sifen a 1519. Ya sami goyon bayan mutanen Tlaxcala waɗanda suka daɗe suna gaba da Tenochtitlan, annobar agana kuma ta yi masa rabin aiki a 1520. Birnin ya faɗi ranar 13 ga Agusta, 1521.

Aztekawa da maƙwabtansu suna da littattafai na zane da alamomi, a kan fatar barewa ko takardar ɓawon itace, waɗanda ake ninkewa kamar maficin takarda. Mafi yawansu sun halaka a lokacin yaƙi ko kuma a hannun limaman Kirista da suka ɗauke su kayan tsafi. 'Yan kaɗan da suka tsira an kai su Turai a matsayin abin al'ajabi, suka warwatsu a fadodin sarakuna da gidajen ibada, har aka manta inda suka fito. Saboda haka har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, abin da duniya ta sani game da Aztekawa daga bakin waɗanda suka ci su da yaƙi ya fito. Ko shahararren littafin William Prescott na 1843 a kan cin Meziko, a kan labaran Sifaniyawa ya fi dogara.

Sai kuma Morgan ya zo da wani ra'ayi da ya fi wannan tsanani. A littafinsa Ancient Society na 1877 ya kasa tarihin ɗan Adam mataki uku, wato zaman daji, da zaman duhun kai, da wayewa, ya ce alamar shiga matakin ƙarshe ita ce rubutu da baƙaƙe. Ya ajiye Aztekawa a tsakiyar mataki na biyu. Shekara guda kafin haka, a wata maƙala da ya yi a kan liyafar sarki Moctezuma, ya ce Sifaniyawa zuzuta labari kawai suka yi: Moctezuma shugaban mayaƙa ne na ƙabila, fadarsa kuma babban gidan gandu ne. Almajirinsa Adolph Bandelier ya ƙarfafa wannan magana da rubuce-rubuce masu yawa. Wannan shi ne ra'ayin da ke tashe a Amurka lokacin da Nuttall ta shigo fage.

3.0 Ƙofar da Mata Suka Shiga

A shekarun 1880 nazarin al'umma bai zama sana'a ba tukuna. Babu digiri, babu sashe a jami'a, albashi kuwa sai ga ɗaiɗaiku. Digirin dakta na farko a wannan fanni a Amurka sai a 1892 aka bayar da shi a Jami'ar Clark. Likitoci da lauyoyi da sojoji ne ke yin aikin a lokacin hutunsu. Morgan kansa lauya ne. To, fagen da ba a tambayar takardar shaida, mace mai hali da himma tana iya kutsawa cikinsa, ko da kuwa jami'o'i irin su Harvard ba su ba mata digiri a lokacin.

Duk da haka ba a yi musu shimfiɗa ba. Ƙungiyar masanan fannin da aka kafa a Washinton a 1879 ba ta karɓar mata, abin da ya sa Matilda Coxe Stevenson, wadda ta fara aiki cikin al'ummar Zuni tare da mijinta a wannan shekara, ta jagoranci kafa ƙungiyar mata zalla a 1885. Sai a 1899 ƙungiyoyin biyu suka haɗe. Hujjar da aka fi kafawa wajen amincewa da mata a lokacin ita ce, su ne za su iya shiga cikin gida su ji sirrin haihuwa da reno da girki, abin da namiji baƙo ba zai samu ba. Wato an karɓe su a matsayin mataimaka a wani lungu na aikin.

Mutumin da ya fi buɗe musu ƙofa shi ne Frederic Ward Putnam, shugaban gidan adana kayan tarihi na Peabody a Harvard. Shi ya jawo Alice Fletcher (1838-1923), wadda ta tafi zama cikin al'ummar Omaha a 1881, daga baya ta wallafa babban littafi a kansu a 1911 tare da Francis La Flesche, ɗan ƙabilar. Ba zai yiwu a ambaci Fletcher ba tare da faɗin ɗaya ɓangaren ba. Tana cikin waɗanda suka yi fafitikar kafa dokar Dawes ta 1887, wadda ta yayyanka filayen gandu na ƙabilu ta raba wa ɗaiɗaiku, aka sayar wa Turawa abin da ya yi saura. Ita da kanta ta yi aikin rabon, har mutanen Nez Perce suka laƙaba mata suna Mai Awo. Ta yi imani cewa taimako take yi. Amma daga 1887 zuwa 1934 filayen da ke hannun ƙabilun sun ragu daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48. Kasancewar mai bincike mace bai hana iliminta zama makami a hannun hukuma ba.

4.0 Zelia Nuttall

An haifi Zelia Maria Magdalena Nuttall a San Faransisko ranar 6 ga Satumba, 1857. Mahaifinta likita ne ɗan Ayaland, mahaifiyarta kuwa haifaffiyar Meziko ce, 'yar John Parrott, ɗaya daga cikin manyan masu banki na birnin. Tun tana ƙarama mahaifiyar ta ba ta kundayen Lord Kingsborough masu ɗauke da kwafin zane-zanen Meziko na dā. Iyalin sun yi shekara goma sha ɗaya a Turai, inda ta yi karatu a Faransa da Jamus da Italiya da kuma Kwalejin Bedford ta mata a Landan. Ta dawo da harsunan waɗannan ƙasashe a bakinta, ga kuma Sifananci, kuma su ne suka zama jarinta. A 1880 ta auri Alphonse Pinart, wani Bafaranshe mai tattara harsuna da kayan tarihi. Sun haifi 'ya guda a 1882, suka rabu a 1884, auren ya mutu a kotu a 1888, ta koma ga sunan mahaifinta.

A 1884 ta kai ziyarar wata biyar Meziko, ta yi aiki a gidan tarihi na ƙasa, ta kuma tara ƙananan kawunan yumɓu daga kufan Teotihuacan. A kansu ta rubuta maƙalarta ta farko, wadda ta fito a mujallar American Journal of Archaeology a 1886. Hanyar da ta bi ita ce abin lura: ta jera kawunan iri-iri, sannan ta koma ga rubuce-rubucen limaman Sifen na ƙarni na 16 tana neman inda suka bayyana al'adun jana'iza, ta gwada abin da ke hannunta da abin da ke takarda. Ta danganta kawunan ga zamanin da ke kusa da zuwan Sifaniyawa, wanda a yau an san ba haka ba ne, domin Teotihuacan ta zama kufai ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Tenochtitlan. Sai dai maƙalar ta burge Putnam, ya naɗa ta mataimakiya ta musamman a fannin kufan Meziko a Peabody. Muƙamin na girmamawa ne, ba albashi. Ta riƙe shi shekara 47, har rasuwarta.

4.1 Tuta ce ko Kambi?

Daga 1886 ta zauna a birnin Dresden na Jamus shekara goma sha uku, tana zagaya gidajen tarihin Turai. A Viyana akwai wani ƙasaitaccen abu da aka yi da dogayen gashin tsuntsun ketzal koraye da ƙwayoyin zinariya. Jerin kayan fadar Ambras na 1596 ya kira shi hular Larabawan Magrib, wato tun a lokacin an riga an manta daga ina ya fito. Ferdinand von Hochstetter, wanda ya sake gano shi a 1878, ya ce tutar yaƙi ce. Nuttall ta ce a'a, kambi ne da ake sawa a ka. Ta kafa hujja da zane-zanen kundaye inda ake ganin manya sanye da irinsa, da kuma kalmomin Nahuwatil da ke bambanta tuta da adon ka. Rubutun nata shi ne ya buɗe jerin takardun bincike na Peabody a 1888. Eduard Seler, wanda ake ɗauka babu na biyunsa a wannan fanni a Jamus, ya yi mata musu. Yau dai a gidan tarihi na Viyana kambi ake kiran abin. Ko na Moctezuma ne, wannan babu wanda ya tabbatar. Meziko ta daɗe tana neman a mayar mata da shi, amma binciken haɗin gwiwa da ƙasashen biyu suka yi daga 2010 zuwa 2012 ya ce ba zai jure tafiya ba.

A 1891 ta fitar da wani nazari a kan atlatl, wata 'yar sanda mai ƙugiya da mayaƙan Aztek ke cilla mashi da ita, ta bi wannan hanya ta haɗa abu da zane da kalma.

4.2 Farautar Kundaye

A nan ne babban aikinta yake. A 1890 ta ci karo da wani kundi a babban ɗakin karatu na Fulorans a Italiya, wanda ake kira Magliabechiano. An yi shi ne a tsakiyar ƙarni na 16, da zanen Aztekawa da bayani cikin Sifananci. A cikinsa akwai kalandar kwana 260 ta duba da raɗin suna, da bukukuwan shekara mai kwana 365, da siffofin abubuwan bautarsu, har da zanen mayafan manya. Ta daɗe tana neman kuɗin buga shi da launukansa, sai a 1903 Jami'ar Kalifoniya ta fitar da shi. Sharhin da ta yi alkawarin biyo shi da shi bai taɓa fitowa ba. Wata mace ce, Elizabeth Hill Boone, ta cike giɓin a 1983.

A Fulorans ɗin ne kuma malamin tarihi Pasquale Villari ya ba ta labarin wani littafi mai ban mamaki da ya taɓa gani shekaru masu yawa da suka wuce a gidan ibada na San Marco, wanda limaman wurin ba su san kansa ba. Littafin ya riga ya bar Italiya tun 1859. Nuttall ta yi ta bin diddigi har ta gano cewa ya faɗa hannun Robert Curzon, wato Lord Zouche, mai tara tsofaffin littattafai a Ingila, wanda ya rasu a 1873 ya bar wa magada. A ƙarshen shekarun 1890 ta sa ido a kansa a Landan. Fatar barewa ce da aka shafe da farar ƙasa, aka ninke ta fallaye 47, tsawonta ya zarce mita 11, kuma an yi ta kafin zuwan Turawa. Peabody ta buga kwafinsa a 1902 da gabatarwar Nuttall, shi ya sa ake kiransa Kundin Nuttall, ko Zouche-Nuttall. Asalin kundin ya zama mallakar gidan tarihi na Birtaniya a 1917.

Masana da dama na lokacin, musamman mabiya Seler, sun fi karkata ga fassara irin waɗannan kundaye a matsayin lissafin taurari da labaran abubuwan bauta. Nuttall ta ce wannan kundi tarihi ne. Mutanen da ke cikinsa sun rayu, alamomin da ke kusa da kawunansu sunayensu ne, waɗanda ke gefe shekara ce da rana, tuddan da aka soke da kibiya kuwa garuruwa ne da aka ci da yaƙi. Ta bi wani jarumi shafi bayan shafi, mai suna Barewa Takwas. Sunan ranar haihuwarsa ke nan a kalandarsu, kamar yadda Bahaushe zai ce Ɗanjuma ko Talatu. Ta yi kuskure guda babba, domin ta ɗauka kundin na Aztekawa ne. A 1949 masanin Meziko Alfonso Caso ya tabbatar da cewa na mutanen Mishtek ne, na yankin Oaxaca da ke kudu. Amma aikin Caso gaskata ta ya yi a kan ainihin magana. An gano Barewa Takwas sarkin Tilantongo ne, wanda lissafin masana na yanzu ya nuna an haife shi a 1063, aka kashe shi a 1115. Al'ummar da ke rubuta sunan sarki da ranar aurensa da jerin garuruwan da ya ci, ta adana wannan shekara ɗari huɗu, ba ta da wurin zama a matakin da Morgan ya ajiye ta. A ganin mai wannan rubutu, babu wata muhawara da ta rusa tsanin Morgan game da Meziko kamar yadda buga waɗannan kundaye ya yi, domin gani ya kori ji.

Game da yanka mutane don bauta, wanda shi ne abin da Turawa suka fi sani game da Aztekawa, Nuttall ta yi ƙorafi a wata maƙala ta 1897 cewa labarin ya mamaye tunanin jama'a har ya rufe duk wani abu na wayewar mutanen. Tana da gaskiya a nan, ko da yake ƙaunarta gare su ta sa wani lokaci tana sassauta abin fiye da kima. Tonon da ake yi a Babban Haikalin Tenochtitlan tun 1978, da hasumiyar ƙoƙunan kai da aka gano kusa da shi a 2015, mai ɗauke da ƙoƙuna fiye da 600, sun nuna al'adar ta faru da gaske, ko da alƙaluman Sifaniyawa akwai ƙari a cikinsu.

4.3 Littafin da ta Fi So

Abin tausayi shi ne littafin da ita kanta ta ɗauka shi ne gagarumin aikinta, shi ne ya fara mutuwa. A 1901 ta fitar da wani ƙato mai shafi wajen 600 a kan tushen wayewar tsohuwar duniya da sabuwa. Ta ce alamar gicciye mai lanƙwasassun hannuwa da ake samu a Meziko da Indiya da Masar, daga kewayen wasu taurari bakwai a gefen tauraron arewa ta samo asali, har ta kawo yiwuwar matuƙan jiragen Finisiya sun kai wannan ilimi Amurka. Littafin ya fito ne a lokacin da Boas da almajiransa ke yaƙi da irin wannan kwatance mai tsallake teku ba tare da shaida ba. Babu mai kafa hujja da shi yanzu. Akwai ma tufka da warwara a cikinsa, domin wadda ta sha wahala wajen nuna basirar mutanen Meziko, ita ce kuma ke nemo musu malamai daga wata nahiya.

4.4 Coyoacán da Rikicin Batres

Dukiya da sanayya sun yi mata rana, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Attajira Phoebe Hearst ta ɗauki nauyin yawancin tafiye-tafiyenta, kuma Nuttall tana cikin waɗanda suka ba ta shawarar kafa sashen nazarin al'umma a Jami'ar Kalifoniya a 1901. Muƙamin koyarwa a sashen kuwa Alfred Kroeber aka ba, saurayi ɗan shekara 25 da ya karɓi digirin dakta a hannun Boas a wannan shekara. Daga nan fannin ya soma zama sana'ar masu takarda, matan da suka taya gina shi suka koma baƙi a cikinsa.

A 1902 Nuttall ta koma Meziko da zama, a wani tsohon gida a unguwar Coyoacán wanda ta kira Casa Alvarado. Ta mayar da lambunsa wurin tara tsirran magani da na abinci na gargajiya, zaurensa kuma ya zama mahaɗar masana da baƙi. Marubucin Ingila D. H. Lawrence ya ziyarce ta, ya kuma siffanta ta da sunan Misis Norris a littafinsa The Plumed Serpent na 1926. A 1908 aka ba ta farfesa ta girmamawa a gidan tarihi na ƙasa.

Ba a daɗe ba ta yi karo da Leopoldo Batres, babban sufeton kufai na gwamnatin Porfirio Díaz, mutumin da ya sake gina Dalar Rana ta Teotihuacan daga 1905 zuwa 1910 ya ƙara mata hawan da ba ta da shi tun asali. Nuttall ta gano rusasshen gini mai zanen bango a tsibirin Sacrificios kusa da Veracruz, ta nemi izinin tono. Aka ba ta kuɗi kaɗan, aka ce za ta yi aiki a ƙarƙashin kulawar ɗan Batres, shi kuma Batres ya garzaya tsibirin ya shelanta wa jaridu cewa shi ya gano wurin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta ajiye muƙaminta, ta buga dogon bayani a mujallar American Anthropologist a 1910, inda ta zayyana abin da ta gano, ta kuma tona yadda Batres ya rikita jerin kayan gidan tarihi na ƙasa. Juyin juya hali ya kawar da Díaz a 1911, Batres ya bi shi.

Wani abu da ta lura da shi a bayan gidanta ya fi wannan rikici amfani. A ƙarƙashin daskararren dutsen da aman wutar Xitle ya malala a kudancin birnin, ta tsinci tangaran da 'yan gumakan yumɓu waɗanda ba su yi kama da na Aztek ko na Teotihuacan ba. Ta ce lalle sun girme su duka. Ita ce ta taimaka wa wani ɗalibi, Manuel Gamio, ya tafi Jami'ar Columbia wurin Boas a 1909. Da ya dawo, ya yi tono hawa-hawa a Azcapotzalco a 1911 da 1912, ya sami kayan Aztek a sama, na Teotihuacan a tsakiya, sannan irin waɗanda Nuttall ta nuna a can ƙasa. Sunan Gamio ake ambata a kan wannan, kuma ya cancanta. Nuttall ta rasu a Casa Alvarado ranar 12 ga Afrilu, 1933. Gidan ya zama ma'adanar sautuka ta ƙasar Meziko tun 2008, kuma Merilee Grindle ta fitar da cikakken tarihin rayuwarta a 2023.

5.0 Sauran Mata da Masu Ƙasa

Nuttall ba ita kaɗai ba ce a Meziko. Adela Breton (1849-1923), 'yar garin Bath a Ingila, ba ta fara yawo ba sai bayan rasuwar mahaifinta a 1887. Ta zagaya ƙasar a kan doki tare da jagoranta Pablo Solorio, tana kwafar zanen bango da fenti, tana auna kowane layi. Ta yi aiki a Teotihuacan, sannan daga 1900 ta yi shekaru tana komawa Chichén Itzá ta mutanen Maya. Yawancin launukan da ta kwafa rana da ruwa sun cinye su, saboda haka takardunta da ke gidan tarihi na Bristol su ne shaidar da ta rage. Ita kuwa Caecilie Seler-Sachs (1855-1935) matar Seler ce, abokin musun Nuttall. Ita ke ɗaukar hotuna a tafiye-tafiyensa, ta kuma rubuta littafi da Jamusanci a 1919 a kan rayuwar mata a daular Aztek, batun da mazan fannin ba su damu da shi ba.

Dukkan waɗannan baƙi ne masu abin hannunsu. 'Yan ƙasa hanyarsu ta fi ƙunci. Isabel Ramírez Castañeda (1881-1943), wadda ake ɗauka mace ta farko 'yar Meziko a fannin kufai, ta yi aiki da Seler da Boas a makarantar ƙasa da ƙasa da aka buɗe a birnin Meziko a 1911, ta tattara tatsuniyoyin Nahuwatil na garin Milpa Alta, amma ba ta sami gurbin da ya dace da ita ba. Eulalia Guzmán (1890-1985) ta yi shekaru a Turai a ƙarshen shekarun 1930 tana lissafa takardun Meziko na dā, wato ta ɗora daga inda Nuttall ta tsaya, kuma a 1958 ta fitar da wasiƙun Cortés da sharhi mai tona ƙarairayinsa. Amma abin da aka fi tuna ta da shi shi ne shelar da ta yi a 1949 cewa ta gano ƙasusuwan Cuauhtémoc, sarkin Aztek na ƙarshe, a ƙarƙashin wani coci a Ichcateopan. Kwamitocin masana sun ƙaryata, na 1976 ya tabbatar da cewa ƙasusuwan na mutane da dama ne. Kuskure ɗaya ya binne aikin shekara arba'in, abin da bai faru da Batres ba duk da hawan da ya ƙara wa dala.

A can ƙarshen layi akwai matan Nahuwa kansu, jikokin Aztekawa, waɗanda harshensu har yau mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ke magana da shi. Luz Jiménez (1897-1965) 'yar Milpa Alta ce, ta so zama malamar makaranta, yaƙin juyin juya hali ya katse mata karatu, sojoji suka kashe mahaifinta tare da mazan garin a 1916. Ta koma birni tana tsayawa masu zane irin su Diego Rivera suna zana ta. Daga bakinta Benjamin Lee Whorf ya ɗauki bayanai a 1930 don nazarinsa na karin harshen Milpa Alta, daga baya ta koyar da Nahuwatil tare da Robert Barlow da Fernando Horcasitas. Ta ba Horcasitas labarin abin da idonta ya gani na zamanin Díaz da Zapata cikin harshenta. Mota ta buge ta a birnin Meziko a 1965, littafin kuma ya fito a 1968, da sunan Horcasitas a matsayin wanda ya tattara ya fassara.